Akun Gwaggo da Gwangwanin Gyaɗa

Wata Talata ce cikin hunturu, ban daɗe da shigowa daga sallar asuba ba sai ga kiran Gwaggo. Ko gaisawa ba ta tsaya mun yi ba. "Ɗan nan, maza ka zo. Akun nan ya faɗo daga kan sandarsa, sai karkarwa yake kamar mai farfaɗiya."

Daga Kurna zuwa Gwammaja ba wani nisa, na hau babur na tafi. Ni ba likitan dabbobi ba ne. Kaji masu ƙwai nake kiwo, da 'yan tattabaru a bayan gida, shi ya sa duk wani abu mai fiffike a dangi ni ake nema, ko da ban taɓa riƙe irinsa ba. Na tarar da shi a ƙasan keji, ya dunƙule faratansa, kai a karkace, ido a buɗe. Na naɗe shi a tawul, na sa a kwali, muka shiga adaidaita sahu ni da Gwaggo sai asibitin dabbobi.

Akun irin mai ruwan toka ne da jan wutsiya, ɗan kurmi, wanda asalinsa dazuzzukan kudancin Najeriya ne da Kamaru da Kwango. Marigayi Alhaji, mijin Gwaggo, fataucin goro yake yi tsakanin kudu da kasuwar Mariri, a wata tafiyar ya zo da shi, yau shekara 19 ke nan. A lokacin ba wanda ke ɗaukar abin a bakin komai. A 2016 ne ƙasashen da ke cikin CITES, yarjejeniyar da ke sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai, suka zauna a Johannesburg suka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa, saboda an kusa ƙarar da su. Don haka na gaya wa Gwaggo tun a hanya, in wannan ya tafi ba maganar sayo wani. Ba ta ma saurare ni ba. Ita ba aku take kiwo don sha'awar aku ba. Tsuntsun nan ya ɗauke muryar Alhaji tsaf: sallamarsa, gyaran muryarsa kafin ya shigo, da yadda yake cewa "Hajiya, a kawo shayi." Shekara huɗu da rasuwarsa, muryar tana nan a falo.

Likitan ya fara da ɗora shi a sikeli, giram 430. Ya shafa ƙashin ƙirji, ya buɗa baki da hankali ya haska ciki, ya duba hanci. Sannan ya yi masa allurar kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da ɓawon ƙwai, ya sa aka ajiye shi a wuri mai ɗumi, ya jawo kujera ya zauna gaban Gwaggo.

"Hajiya, me yake ci?"

"Komai ma ba shi muke yi, Likita. Shi ne dai mai tsirfa."

"To, ba abin da ake ba shi ba. Abin da yake haɗiyewa."

Nan ne lissafi ya fito. Gwangwanin madara cike da gyaɗa kullum, wani lokaci a haɗa da 'ya'yan sanfulawa da ake sayowa wurin masu tsuntsaye. Burodi a tsoma a shayi mai madara da sukari, safe da dare. Biskit da cincin da ƙuli-ƙuli daga hannun jikoki. In an yi baƙi, a gutsura masa goro don a ga yadda yake riƙewa da ƙafa, a yi dariya. Ayaba ko lemo kuwa, in an sa masa sai ya ɗauka ya wurgo waje, shi ya sa aka daina. Likita ya tambayi inda kejin yake. Zamanin Alhaji a tsakar gida yake, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, kuma duk abin da Alhaji ke ci na marmari sai ya miƙa masa. Bayan Gwaggo ta fita takaba ta sa aka shigar da shi falo, saboda tsoron mage da ɓarayi, kuma don ta riƙa jin sa kusa. Tun daga ranar rana ba ta sake taɓa shi ba sai ta bayan gilashi da labule.

Ya kuma tambayi ko kejin na da tsohon fenti mai ɓarewa, ko sabuwar waya mai ƙyalli da yake gwaguya, domin gubar dalma da ta tutiya su ma suna kawo irin wannan jijjiga. Babu ko ɗaya. Kafin la'asar akun ya miƙe ya hau sanda, ya yi gyaran murya irin na Alhaji. Gwaggo ta fashe da kuka.

Bayanin da likitan ya yi mana ya zauna mini, domin na san rabinsa daga kaji. Gyaɗa kusan rabin nauyinta mai ne. A giram 100 akwai kalsiyam wajen miligiram 90, amma fosfaras ya ninka haka sau huɗu, alhali jikin tsuntsu so yake kalsiyam ya fi yawa. Ɗan abin da ya samu ma ba zai shiga jini ba sai da bitamin D3, shi kuwa jiki ne ke haɗa shi idan wani sashe na hasken rana ya sauka a kansa, kuma gilashin taga na tare wannan sashen. Aku mai ruwan toka ya yi suna wurin wannan matsala fiye da sauran danginsa: kalsiyam ya yi ƙasa a jini, sai rauni, sai faɗowa daga sanda, sai jijjiga. Na tuna kazar da ke yin ƙwai mai laushin ɓawo tana gurfanewa. Gida ɗaya ne.

Na biyu shi ne bitamin A, wanda tsaba da gyaɗa kusan ba su da shi. Ya nuna mini busasshen abu da ya toshe rabin ƙofar hanci ɗaya, da tsagar da ke dasashin sama, wadda ya kamata gefenta ya kasance da 'yan ƙayoyi masu tsini amma sun dakushe. Gashin ya dushe, wutsiyar ta koma kamar tsohon jan yadi da ya sha wanki, ƙirjin kuma ya fige wani wuri kamar faɗin kwabo.

Sai maganar fumfuna. Mu Kanawa da dalar gyaɗa muke taƙama, ba ma son a ɓata mata suna, amma gyaɗar da aka adana da danshi tana kama wata fumfuna mai fitar da guba da ake kira afalatoksin, mai cin hanta. Ƙwayar nan mai ɗaci da kan sa mutum ya tofar, sau da yawa fumfuna ce ta kama ta. Suya ba ta kashe gubar. A Ingila aka fara gano ta a 1960, bayan talo-talo fiye da 100,000 sun mutu saboda dusar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Wadda ake saya wa akun kuwa tsince ce, mai arha, wai ai tsuntsu ne zai ci.

Likita ya ba mu ruwan kalsiyam mai haɗe da D3 na 'yan makonni, ya ja kunnenmu kada mu ƙara a kan ma'aunin da ya rubuta, don yawansa na lalata ƙoda. Goro da shayi da kofi da cakulan da lemon kwalba ya soke su nan take, saboda sinadarin da ke hana barci a cikinsu na firgita zuciyar tsuntsu. Haka fiya, wadda ɗan kaɗan ma kan kashe aku, da albasa da tafarnuwa, da duk abin da ya ji gishiri da magi. Ya ce sauran abinci a sauya a hankali.

"A hankali" ɗin nan ce ban ji ba. Na ɗauko dabarar kaji: yunwa ce maganin yanga. Washegari na biya 'Yankaba na sayo karas da kabewa da tattasai da alayyafo, na yanka manya-manya na cika masa kwano, na ɗauke gwangwanin gyaɗa na ce wa Gwaggo kada a ba shi komai sai ya ci wannan. Ya matsa can ƙarshen sanda yana kallon kwanon da ido ɗaya, kamar an ajiye masa maciji. Yini ya wuce. Kashegari da azahar kashinsa ya koma 'yan ɗigo kore shar mai duhu, ya daina magana, ya hura gashi. Na ɗora shi a ƙaramin sikelin da nake auna maganin kaji, giram 412. Gwaggo ba ta ce mini uffan ba, ta tashi ta ɗebo gyaɗa ta zuba masa. Da na kira likita a waya, ya wanke ni tas. Ya ce kaza tana tsattsagar duk abin da ta gani, shi kuwa aku koyon abinci yake daga iyaye da garke. Abin da bai ga wani ya ci ba, a wurinsa ba abinci ba ne, kuma yana iya mutuwa da yunwa kwano cike a gabansa. Ya ce in nauyi ya faɗi da kashi 10 cikin 100 an shiga haɗari, mu kuwa kada mu bari ya sauka ƙasa da 410.

Daga nan aka sayi littafi mai falle arba'in. Kowace safiya kafin ya ci komai, jikar Gwaggo 'yar aji biyar ta sa sanda a kan sikeli, ya hau, ta rubuta nauyi, ta rubuta yadda kashi yake. An shimfiɗa farar takarda a ƙasan keji don a riƙa gani sosai. Ban taɓa zaton littafin nan zai fi maganin amfani ba.

Gyaɗa ba a ɗauke ta ba, an dai daina barin ta a keji yini guda. Da safe, lokacin da ya fi jin yunwa, sabon abinci ne kaɗai a gabansa na awa biyu. Bayan nan a ba shi tsabarsa da ma'auni, cokali biyu, da yamma kuma haka. Sabon abincin ma mun sake masa fasali. Muka dafa gero da dawa da ɗan wake, waken a jiƙa shi ya kwana kuma ya dahu luguf, domin ɗanyensa na cutarwa. Muka turara kabewa da karas, muka yayyanka ganyen zogale, aka haɗa aka daddaka sama-sama yadda ba zai iya tsince wani ya bar wani ba. A kai sai a barbaɗa dakakkiyar gyaɗa mai kyau, irin wadda mu ma za mu ci, da ɗigo biyu na manja. Manjan ba don daɗi kawai ba. A kurmi 'ya'yan kwakwar manja na cikin abin da aku ya fi so, kuma jan nan nasa shi jiki ke mayarwa bitamin A. Ɓawon ƙwai kuwa ba na rasawa: a tafasa minti goma, a shanya, a daka ya yi laushi, a sa ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka, bayan an gama ruwan kalsiyam.

Kwana tara yana lashe garin gyaɗar sama yana barin sauran. Abin da ya karya shi ba daga kwano ya zo ba.

Wata safiya Gwaggo ta zauna a kan tabarma kusa da keji da faranti na gwanda. Likita ne ya ba da shawarar a riƙa ci a gabansa, ita kuwa ta ga abin wauta ne, amma ta yi. Ta ɗauki yanka ɗaya ta ci tana lumshe ido, tana cewa "kai, wannan gwanda da zaƙi take." Ta miƙa wa jikar, ta ci. Ta miƙo mini. Shi ko kallonsa ba ta yi ba. Ya sauko daga sanda, ya kama wayar keji da baki ya zagayo gefenmu. Baƙin idonsa na tsukewa yana buɗewa. Ya yi sallama. Ba wanda ya amsa. Ya sake yi, da ƙarfi. Sai ta ɗauki wani yanka ta ciji rabi, ta riƙe sauran kusa da waya kamar ta manta da shi, tana yi mini zancen kuɗin wuta. Ya zuro baki ya fizge. Ya riƙe da ƙafar hagu, ya juya, ya taɓa da baƙin harshensa, ya jefar. Na ce shi ke nan. Gwaggo ta ce, "Yi shiru, ɗan nan, haka Alhaji yake yi da shi." A karo na uku ya ci, ruwan na bin bakinsa.

Ashe ta san hanyar tun da. Shekara 15 tana kallon mijinta yana cin abu yana miƙa masa. Da ya rasu, aka bar akun da gwangwani, don gwangwani ba ya buƙatar kowa ya zauna. Tsirfar da ake ɗora wa tsuntsun, a ganina, mutanen gidan ne suka koya masa ita, kuma ba da mugunta ba.

Bayan gwanda abubuwa suka riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya. Tattasai da attaruhu bai ɓata lokaci a kansu ba, tsuntsu ba ya jin yaji, shi 'ya'yan cikin yake bi. Zogale ya ƙi shi a kwano, amma da muka jiƙa reshe guda muka rataya a keji, ya fara da goga jiki yana wanka, ya koma yaga, daga yaga aka zarce haɗiya. Jikar ta ƙirƙiro abin da ta kira tsiren aku, ta soke dankalin Hausa dafaffe da kabewa da gwaiba a tsinke ta rataya. Muka tsirar da gero, ana ɗauraye shi sau uku a rana kada ya yi tsami, ya karɓa tun ranar farko don kama da tsabarsa yake. Gyaɗa ta koma lada, ƙwaya biyar a yini, zaɓaɓɓu, ana ƙunshe su a takarda ko ɓawon masara sai ya yi aiki kafin ya kai gare su.

Wani ɗan Gwaggo ya aiko daga Abuja da abincin aku na kamfani, dunƙulalle kamar na kifi. Likitocin tsuntsaye a ƙasashen waje shi suka fi so ya zama fiye da rabin abincin aku, don an haɗa komai a ciki daidai. Tsada gare shi, kuma ba a ko'ina ake samu a Kano ba. Akun ya mayar da shi abin jifa, sai da aka riƙa jiƙa shi da ruwan ɗumi ana cuɗawa cikin dafaffen gero. Na yi tunanin in maye gurbinsa da dusar kajina, likita ya ce kul. Ta masu ƙwai kalsiyam ɗinta ya yi wa aku yawa ƙwarai, ta ƙananan kaji kuma akan zuba mata magani.

A mako na shida littafi ya tona asiri. Nauyi ya hau zuwa 452 cikin 'yan kwanaki, kwanon safe kuma yana dawowa kusan yadda aka kai shi. Muka fara da zargin yara, aka kuwa kama ƙaramin da ƙuli-ƙuli a aljihu, da almajirin gidan da ke ba shi sauran biskit don ya ce masa "yaro zo nan." Aka yi musu magana suka bari. Kwanon dai bai sauya ba. Wani dare na dawo ɗaukar cajar da na manta, na yi sallama a ƙofar falo, na tarar da Gwaggo tsaye gaban keji da kofin silba, tana tsoma burodi.

"Gwaggo, ashe ke ce."

"To ya zan yi? Ka ji fa abin da yake cewa. Shekara 36 ban taɓa jin wannan maganar na zauna ba."

Ban ga ta inda zan yi mata gardama ba. Da safe na kai wa likita maganar, ina zaton zai yi faɗa, sai ya yi dariya ya ce a bar mata kofinta da lokacinta, a sauya abin da ke ciki. Tun daga ranar, in ya ce a kawo shayi, kunun gero ne tsararo mai ɗumi, ba sukari ba tsamiya ba kanwa, cokali biyu a cikin kofin silbar nan, wani lokaci da 'yar kabewa a dame. Kwana biyu ya yi yana ture kofin. A na uku ya sha.

Rana ma sai da aka sha fama. Gwaggo ta yarda a fitar da shi ne bisa sharaɗin tana zaune a wurin, saboda mage da shaho. Ana fitar da keji tsakar gida da hantsi, minti 30 zuwa awa ɗaya, a rufe rabinsa da zane don ya sami inda zai fake in ya ji zafi. Da bazara ta shigo, zafi ya haura 40, aka dawo da fitar zuwa ƙarfe bakwai da rabi, kuma duk wani abu dafaffe ko jiƙaƙƙe ba ya wuce awa biyu a keji, don nan da nan yake tsami ƙudaje su taru. Kayan ganye kuwa sai an wanke su sosai saboda feshin da ake yi a lambu.

Yau wata bakwai ke nan. Bai sake faɗuwa ba. Nauyinsa na yawo tsakanin 438 da 446. Hancin ya buɗe bayan likita ya cire abin da ya toshe shi, kuma bai sake taruwa ba. Da ya yi saɓar gashi, sabbin na wutsiya suka fito ja wur. Ƙirjin ne bai gama cikewa ba, har yanzu yakan fige in Gwaggo ta yi tafiyar kwana biyu, kuma likita ya ce wannan ba a kwano kaɗai maganinsa yake ba. Ɗanyen karas har gobe bai yarda da shi ba, ayaba ma haka. Mangwaro kuwa da lokacinsa ya zo sai da aka riƙa ƙayyade masa, don zaƙi ya yi yawa shi ma matsala ne.

Yanzu da damina ta kankama, abin da ke gabanmu fumfuna ce. An daina sayen tsaba da yawa, mudu ɗaya-ɗaya ake sayowa, a shanya, a zuba a kwalba mai murfi. Tsirar da gero mun dakatar sai iska ta bushe. Jiya da na leƙa na tarar da jikar tana rubuta 441 a littafi na biyu, Gwaggo na kan tabarma da dafaffiyar sabuwar masara, ta gutsura ta ci tana kallon bango. Daga cikin keji aka yi gyaran murya, aka yi sallama.